Jiniyar Gidan Merle

Ranar Laraba da hantsi Merle Trezise ta kira ni a waya, ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

"Clarrie, kana da aiki yau?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da aiki, kin fi kowa sani."

"To ɗauko jakar kayanka ka zo. Jibi za a turo wata ta duba ko kaina yana nan daidai."

Merle matar marigayi Wal ce, wanda muka yi shekara talatin tare a ramin ma'adinai a nan Broken Hill, shi a kan injin ɗaga kaya, ni a kan wayoyin lantarki. Bayan na bar rami na ƙara wasu shekaru ina haɗa wa mutanen gari ƙararrawar tsaro da fitilun da ke kunna kansu, har gwiwoyina suka hana ni hawa tsani. Shekarun Merle saba'in da tara, ita kaɗai take zaune a gidansu na kudancin gari tun rasuwar Wal. Ban taɓa jin ta nemi taimakon kowa ba, saboda haka ban tsaya ƙarasa shayina ba.

Na same ta a kicin, tana jan ƙafar hagu kaɗan. Ta ɗora buta a wuta, ta turo mini kwanon biskit, sannan ta ba ni labarin daki-daki.

Lokacin hutun Ista 'yarta Raelene, wadda ke aikin jinya a Sydney, ta zo da mijinta Gavin. Gavin ya taho da wani farin akwati da bai wuce girman littafi ba, ya kafa shi a ɗakin ajiyar abinci, ya canja makunnan fitilu, ya manna na'urori a ƙofofi da tagogi. Akwatin ne ke ba da umarni ga komai. Ƙa'idoji biyu ya sa masa. Ta farko, da ƙarfe shida na yamma gidan zai ɗaure kansa, duk wanda ya buɗe ƙofar waje bayan haka jiniya za ta tashi. Ta biyu, ƙananan fitilun lungun da ke tsakanin ɗakin kwananta da banɗaki za su kama da faɗuwar rana, su mutu da fitowarta. Duk abin da ya faru akwatin yana rubutawa, Raelene kuma tana karantawa a wayarta idan ta tashi daga aiki.

"Kullum shida saura kwata nake fita in rufe kaji," in ji Merle. "Ka san kaji, ba sa shiga akurki sai rana ta yi ƙasa. Ina da kwata guda a hannuna. Amma da na taɓa ƙofar baya sai abin nan ya ɓarke da ihu kamar an kama ɓarawo. Sau tara a mako uku, sauran ranakun ma don na tuna na kashe shi tukuna ne. Karen maƙwabta har ya koyi rera masa."

"Me Raelene ta ce?"

"Ta ce a rubuce yake, shida da kwata na buɗe ƙofar. Na ce mata shida saura kwata. Ta tambayi mijinta, ya ce akwatin daga intanet yake ɗauko lokacinsa, ba ya kuskure. To in shi ba ya kuskure, saura wa?"

Sai kuma abin da ya faru ranar Lahadi da asuba. Ta fito za ta banɗaki, tana tsakiyar lungu fitilun suka mutu, ta yi tuntuɓe da bakin tabarma ta buga ƙugunta da bango. Raelene ta duba wayarta ta ga fitilun sun mutu ne da fitowar rana, ƙarfe shida da minti ashirin. Merle kuwa ta rantse cewa shida ba ta yi ba, kuma gidan duhu ne ƙirin. Daga nan ne Raelene ta nemi a turo ma'aikaciyar da ke auna ko tsoho zai iya zama shi kaɗai. Ta kuma sa sunan uwarta a wani gidan kula da tsofaffi kusa da su a Sydney. Ɗaki ya samu, kuma ranar Juma'a suke son amsa.

Merle ta ciro kalandarta daga ƙusa ta ajiye a gabana. A kowace ranar da jiniya ta tashi ta rubuta lokacin da fensir, bayan ta duba agogon bangon kicin.

"Na fara rubutawa ne don in kama shi," in ji ta. Ta dubi kofinta. "Yanzu ban san wa nake neman kamawa ba. Clarrie, in ka duba ka ga ni ce, ka faɗa mini a fuskata. Kada ka yi mini irin maganar da ake yi wa yara."

"Yaushe na taɓa raga miki?"

"Ba ka taɓa ba, tsohon banza. Shi ya sa na kira ka."

A rami an koya mana mu fara da abin da hannu zai iya taɓawa kafin mu zargi abin da ido ba ya gani, kuma har yau ban bar wannan tsarin ba. Na fara da ƙofar baya. Ƙofar katako takan kumbura ko ta janye, maganaɗisun da ke jikinta ya yi nisa da abokinsa na jikin madogarar ƙofar, sai akwati ya ɗauka an buɗe alhali a rufe take. Na auna tazarar, daidai take. Na jijjiga ƙofar da ƙarfi tana rufe, ko motsi ba a rubuta ba. Na ciro batir ɗin kowace na'ura na gwada shi da mita, duk da sauransu. Na buɗe idon na'urar da ke gane motsi a baranda, domin gizo-gizo yana son yin saƙa a cikin irinsu, tsaka kuma tana son ɗuminsu. Ba kowa a ciki. Gaskiyar magana, Gavin ya yi aikin hannunsa da tsabta, ko waya ɗaya ban samu a sake ba.

Raina bai so haka ba. Da na samu tsaka ɗaya a cikin na'urar nan, da magana ta ƙare.

Na ɗauko kwamfutata na jona ta da akwatin. Ya yarda in karanta abin da ke cikinsa, amma bai yarda in canja komai ba sai da lambar sirri, wadda ke hannun Gavin. Karatun ya ishe ni a lokacin. Ni mutum ne mai karatu a hankali, layi bayan layi, da yatsa a ƙarƙashi. Na raba shafin littafina gida biyu, a dama abin da akwati ya rubuta, a hagu abin da Merle ta rubuta a kalanda.

Rana ta farko, akwati ya ce shida da minti goma sha huɗu, kalanda ta ce biyar da minti arba'in da huɗu. Rana ta biyu, shida da minti goma sha bakwai, kalanda biyar da arba'in da bakwai. Wata Asabar da ta fita da wuri saboda hadari, akwati shida da minti uku, kalanda biyar da talatin da uku. Na bi duka taran. Babu ranar da bambancin ya zama minti ashirin da tara ko talatin da ɗaya. Na taɓa zama da mutumin da hankalinsa ya fara gushewa, na san yadda kuskurensa yake, yau safiya ce a wurinsa, gobe shekarar da ta wuce. Ba ya kuskure da minti talatin cif sau tara a jere.

"Merle, je ki buɗe ƙofar baya ki rufe."

"Yanzu? Da rana tsaka?"

"Ba zai yi ihu ba. Je ki."

Ta tafi tana gunaguni. Na dubi agogon hannuna, sha ɗaya da minti ashirin. Sabon layi ya fito a kwamfuta: an buɗe ƙofar baya, sha ɗaya da minti hamsin.

Na buɗe shafin da ake gaya wa akwatin inda yake a duniya. Suna ɗaya ne a wurin: Sydney.

Na jingina da kujera na yi dariya har ta kai ni ga tari. Merle ta dawo ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"In mutuwa za ka yi, ka fita waje, yanzu na goge ƙasan nan."

"Zauna. Ba ke ba ce."

Ba ta zauna ba. "Sake faɗa."

"Na ce ba ke ba ce. Akwatin nan a zatonsa a Sydney yake zaune. Idan ya ce shida ta yi, biyar da rabi ce a kicin ɗinki. Kwata guda kenan da ɗaure gidan kafin ki ɗauki kwanon tsabar kaji."

Sai a lokacin ta jawo kujera. Ta daɗe tana kallon shafin littafina, duk da ban tabbata tana karanta shi ba. Da ta ɗago, abin da ta ce shi ne shayina ya huce, bari ta sake wani.

Mun jira har lokacin da Raelene ke samun hutun cin abinci. Merle ta kira ta da kiran da ake ganin fuska, ta jingina wayar da tulun sukari. Raelene ta fito cikin kayan aiki, da gajiya a idonta.

"Mama, in dai maganar jibi ce, mun riga mun... Kawu Clarrie? Kai ne? Me kake yi a nan?"

"Biskit nake ci. Haɗo mana mijinki a layin, ina da abin da zan nuna muku."

Gavin ya shigo daga ofishinsa, da alamar wanda aka katse wa aiki. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce yana fata ba a taɓa wayoyin ba.

"Wayoyinka lafiya lau, ɗan nan, aikinka ya yi kyau. Raelene, buɗe jerin abubuwan nan a wayarki. Merle, ƙofa."

"Sai ka ce yarinyarka," in ji Merle, amma ta tafi. Muka ji ƙarar ƙofar.

"Me ya rubuta?"

"An buɗe ƙofar baya, ƙarfe ɗaya da minti biyar."

"Agogon hannunki fa?"

"Ɗaya da minti biyar. Ka gani, Kawu, daidai yake."

"Daidai yake da hannunki. A ina aka haife ki, Raelene?"

Na ɗauki wayar na juya ta ta kalli agogon bangon kicin, wanda ke nuna sha biyu da minti talatin da biyar. Da na juyo da ita, Raelene ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Amma na tambaya," in ji ta. "Wallahi na tambaya. Gavin, ka ce mini..."

"Daga intanet yake ɗauko lokaci," in ji Gavin. "Ba yadda za a yi ya yi kuskure."

"Bai yi ba. An tambaye shi lokacin Sydney, ya kawo lokacin Sydney. A ina ka saita shi?"

"A gida, a kan teburin cin abinci, kafin mu taso. Don kada in ɓata lokacin hutu. Ya tambaye ni jiha, na zaɓi New South Wales. Ba jiharku ba ce?"

"Jiharmu ce a taswira. Agogonmu kuwa na Adelaide ne da ke jihar maƙwabta, rabin awa a bayan naku, tun ba a haifi kakanka ba. Da ka ƙara gangarawa ƙasa kaɗan a jerin, da ka ga sunan garin nan shi kaɗai a layinsa. Saboda irinka aka ware mana shi."

Merle ta dawo ta zauna. "Shekara ashirin da biyu yana cin abincina, bai san ƙarfe nawa muke ci ba."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Raelene, "ni..."

"Bari tukuna, akwai saura," na ce. "Fitilun lungu. Akwatin ba ya leƙa taga ya ga ko rana ta fito. Lissafi yake yi da wurin da aka ce masa yana zaune. Rana tana fitowa a Sydney kusan minti arba'in kafin ta iso mana. Ranar Lahadi ya rubuta shida da minti ashirin, wato shida saura minti goma a nan. A wannan watan, a wannan lokacin, lungun da ba shi da taga duhu ne. Ta ce duhu ne, kuma duhun ne."

A bayan Raelene ana jin ana tura keken marasa lafiya.

"Amma dai ta faɗi, Kawu," in ji ta a hankali. "Ko ma mene ne dalili, ta faɗi, ni kuma ina nesa da ita tafiyar yini guda a mota. Da ƙugun ya karye fa?"

"Ni ba likita ba ne, 'yata, ba zan ce miki komai a kan ƙugu ba. Abin da na sani shi ne, sau tara uwarki ta faɗi lokaci, sau tara ta faɗi daidai. Ranar da ta yi tuntuɓe kuwa, kashe mata fitila aka yi tana tsakiyar tafiya. Ni ma da na faɗi, ke ma haka. In akwai wani dalili na kai ta Sydney, ku tattauna shi tsakaninku. Amma ba wannan ba."

"Matar nan ta zo jibi, ban hana ba," in ji Merle. "Ina son ƙarfen riƙewa a banɗaki, ta rubuta a sa mini. Ɗakin ne ba na so. Ku ba wa mai bukata."

Raelene ta dubi gefe, ta ce ana kiran ta, za ta sake kira in ta samu sarari. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Fuskarta ta ɓace daga wayar, aka bar mu da Gavin.

"Lambar sirri," na ce.

"Zan iya gyarawa daga nan, Baba. Minti biyu ne."

"Daga nan ɗin ka gyara na farko."

Ya shafa ƙeyarsa, ya yi 'yar dariya, ya karanto mini lambar. Ya roƙi kada in taɓa sauran tsarin. Na ce masa zan taɓa duk abin da mai gidan ta ce in taɓa.

Na fara da wuri. Na cire Sydney na sa Broken Hill, na kashe akwatin na sake kunna shi, na jira har agogonsa ya yi daidai da na bango. Lokacin faɗuwar rana da ya lissafa na ranar ya zo daidai da wanda ke cikin jaridar gari. Daga nan na rufe kwamfutar rabi, na juya ga Merle, domin wanda ya sa ƙa'idojin farko bai taɓa tambayar ta yadda yininta yake tafiya ba.

"Ƙarfe shida ɗin nan, ko an gyara agogo, ba zai yi miki ba. A Disamba ƙarfe nawa kajinki suke shiga?"

"Sai takwas ta wuce. Wani lokaci ina fama da su har da rabi."

"To mun cire agogo daga maganar. Gidan zai ɗaure kansa awa ɗaya bayan faɗuwar rana, rani da hunturu. In kin shigo da wuri kina son ki rufe, ga maɓalli a bakin ƙofa, ki danna."

"In na manta na buɗe bayan ya ɗaure fa?"

"Zai yi miki ƙaramar ƙara a kicin na minti ɗaya, ki sa lambarki. In ba ki sa ba, sannan ya tashi unguwa."

"Minti biyu. Ƙafar nan ba ta gudu."

Na sa minti biyu. Fitilun lungu kuwa na ba su rabin awa bayan fitowar rana kafin su mutu. Na kuma ciro idon gane motsi guda daga ɗakin baƙi, inda ba ya tsaron komai sai akwatunan tsofaffin hotuna, na kafa shi a lungun, yadda duk lokacin da mutum ya shigo ba haske, fitila za ta kama ko me agogo ya ce. Ta ce tana son fitilar waje ta ƙofar baya ta riƙa kamawa in an buɗe ƙofa da yamma, saboda macizai sukan kwanta a kan siminti mai ɗumi. Wannan ma na sa.

Kowace ƙa'ida sai da na gwada ta. Akwatin yana da hanyar da za a ce masa ya ɗauka yanzu lokaci kaza ne, don haka na kai shi yamma, na kai shi asuba, na kai shi tsakiyar Disamba na dawo da shi, Merle tana shiga da fita tana zagina. Sau ɗaya na bar jiniyar ta tashi da gangan don in tabbatar tana nan da ranta, karen maƙwabta ya amsa daga bayan shinge. Na rubuta ƙa'idojin da manyan baƙaƙe a takarda na manna a cikin ƙofar ɗakin ajiyar. A ƙarshe na juya mata kwamfutar, na ce ta sa sabuwar lambar sirri da hannunta, na juya baya har ta gama.

Ina naɗe wayoyina wajen ƙarfe uku da rabi wayarta ta yi ƙara. Wannan karon murya ce kawai. Merle ta ɗauka ta koma bakin taga, na ci gaba da abin da nake yi, amma kicin ɗin ƙarami ne.

"E... E, ina ji... Kin kira su da kanki? Me suka ce?... To, Allah ya sa ta ji daɗinsa, ko wace ce... A'a. A'a, Raelene, bar kukan nan, kina wurin aiki, mutane na kallon ki. Na sani. Na ce na sani... To ki zo ɗin, wa ya hana ki? Ki taho da mijinki, magudanar rufin nan ta cika da ganye, tunda yana son aiki."

Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali. Ta ɗauki kofunan shayi ta kai wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo, ta tsaya ruwa yana zuba ba ta wanke komai ba. Na rufe jakata na jira.

"An ba wa wata ɗakin," in ji ta, ba tare da ta juyo ba.

"Na ji."

"Kunnenka dai bai tsufa ba." Ta kashe famfon, ta share hannunta da tawul. "Ka dawo jibi ƙarfe goma ka zauna a nan lokacin da matar za ta zo. Ka sa riga mai kyau, kada ta ɗauka kai aka turo ta dubawa."